Kuɗin Mazaɓa a Ƙasar Daura: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Duk sanda aka raba buhunan taki ko kekunan ɗinki a Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango ko Baure, magana iri biyu ce ke tashi a teburin mai shayi da zaurukan WhatsApp. Magoya baya su ce, "Honorabul ya yi abin da ba a taɓa yi ba, kuma daga aljihunsa." 'Yan adawa su ce, "An damƙa masa biliyoyi, ya kawo mana ɓarɓashi." Kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya, ya cike sauran da shaci-faɗi.

Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura suna da kujeru biyu a Majalisar Wakilai: ta Daura, Sandamu da Mai'aduwa, sai ta Zango da Baure. A Majalisar Dattawa kuwa suna cikin Katsina ta Arewa, wadda ake kira shiyyar Daura, mai ƙananan hukumomi 12 har da Mani, Mashi, Ingawa da Kankiya. Sanata Nasir Sani Zangon Daura ne ya hau wannan kujera a 2023 bayan Ahmad Babba Kaita. Ga maganganun da aka fi yaɗawa kan waɗannan kujeru, da matsayin kowace.

"Ana zuba wa ɗan majalisa kuɗin mazaɓa a asusunsa"

A doka, wannan ba haka yake ba. Tun zamanin mulkin Obasanjo aka fara ware wani kaso a kasafin kuɗin tarayya domin ayyukan mazaɓu, kuma an shekara da shekaru ana ware masa naira biliyan 100. Sanatoci 109 ne, 'yan Majalisar Wakilai 360. Da za a raba daidai wa daida, kowa zai tashi da kimanin naira miliyan 213, amma ba a raba shi haka, domin kason shugabannin majalisa ya fi na saura.

Abin da ɗan majalisa ke yi shi ne ya faɗi aikin da yake so da inda za a yi shi. Sai a rubuta aikin ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma, kamar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ko SMEDAN, ko hukumar raya garuruwan kan iyaka. Hukumar ce ke ba da kwangila bisa dokar ba da kwangiloli ta 2007, ita ce kuma ke biyan ɗan kwangila.

Sai dai jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. Tun 2019 hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ke bin sawun irin waɗannan ayyuka a faɗin ƙasar nan, kuma ta sha bayyana cewa ta tarar da kamfanonin da ke da alaƙa da waɗanda suka kawo aikin, da kayan jama'a da aka ɓoye ba a raba ba, da 'yan kwangilar da sai da aka tilasta musu komawa bakin aiki. Kenan kuɗin ba ya shiga asusun ɗan majalisa ta ƙofa, amma a wasu wurare yakan shiga ta taga. Wannan ba hujja ba ce ta yi wa kowa kuɗin goro. Mai zargin wani takamaiman mutum, sai ya zo da takarda.

"Daga aljihunsa ya yi"

Wani lokaci gaskiya ne, galibi kuwa ba haka ba. Kuɗin asibiti, kuɗin jarabawar JAMB, gudummawar biki da suna, da abin da ake miƙa wa masu sammako ƙofar gida, waɗannan sau da yawa daga hannun ɗan majalisa suke fita. Amma rijiyar burtsatse, fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, azuzuwan makaranta, da rabon babura ɗari-ɗari, yawanci kuɗin gwamnati ne. Gane wannan ba wuya: a duba allon da aka kafa a wurin aikin. Idan akwai sunan ma'aikata ko hukuma a matsayin mai ba da aiki, to dukiyar jama'a ce, ko da hotonsa ya cika allon. Ya cancanci yabo don ya jawo aikin gida, amma mutumin Kwangwalam da ya ɗebi ruwa a wannan rijiya ba bashin kowa ya ci ba.

"Albashinsu miliyan ɗaya ne kacal", ko "miliyan ashirin suke kwasa"

Duka biyun suna da tushe, abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. A 2024 hukumar RMAFC mai tsara albashin masu riƙe da muƙamai ta ce albashi da alawus na sanata sun ɗan haura naira miliyan ɗaya a wata. Amma akwai kuɗin tafiyar da ofis. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa suna karɓar naira miliyan 13.5 duk wata, a watan Agustan 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa ya kai naira miliyan 21. Wannan kuɗi daban yake da na ayyukan mazaɓu, kuma shi ne ke shiga hannun ɗan majalisa kai tsaye, domin ofis, tafiye-tafiye da hidimar aiki.

"Biliyan ɗarin nan ce duk abin da suke taɓawa"

Ba haka ba ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Tsarin mulki ya ɗora wa shugaban ƙasa gabatar da kasafi, majalisa kuma ta amince da shi. A tsakanin gabatarwa da amincewa ne ake ƙara ayyuka, abin da ake kira cushe. Rikicin cushen 2016 ne ya kai ga dakatar da Abdulmumin Jibrin daga Majalisar Wakilai. Marigayi shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya koka ranar da ya sa hannu kan kasafin 2022 cewa majalisa ta shigar da sababbin ayyuka 6,576. A watan Maris na 2024 Majalisar Dattawa ta dakatar da Sanata Abdul Ningi bayan ya ce akwai naira tiriliyan 3.7 da ba a ga ayyukansu ba a kasafin shekarar, zargin da majalisar da fadar shugaban ƙasa suka musanta. Ƙungiyar BudgIT kuma ta ce ta ƙirga ayyuka 11,122 na naira tiriliyan 6.93 da aka shigar a kasafin 2025.

'Yan majalisa suna kare kansu da cewa ba don wannan ƙari ba, ƙauyen da ke bakin iyakar Nijar ba zai taɓa shiga lissafin Abuja ba. Maganar tana da nauyi. Matsalar ita ce ba buƙata ke raba wannan kaso ba, ƙarfin kujera da shugabancin kwamiti ne.

"Manyan ayyukan Daura 'yan majalisa suka kawo"

A nan ana ɗora wa wani rigar wani. Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina ta. Asibitin Sojan Sama aikin rundunar ne. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa Daura, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, na Ma'aikatar Sufuri ne. Rawar majalisa a irin waɗannan ita ce yin dokar kafa makaranta, amincewa da kuɗi ko rance, da sa ido.

"Tunda ya shiga kasafi, an gama"

Kasafi alƙawari ne, ba kuɗi a hannu ba. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta saki kuɗin, kuma ba kullum take sakin duka ba. Shi ya sa aka tsawaita wa'adin manyan ayyukan kasafin 2024 har cikin 2025. Ginin da ya tsaya a linta yana iya zama cin amana, yana kuma iya zama rashin sakin kuɗi. Hukumar da ta ba da kwangilar ce ke riƙe da amsar.

"Talaka ba shi da ta cewa sai ranar zaɓe"

Wannan ce ƙaryar da ta fi cutarwa. Kasafin tarayya yana shafin Ofishin Kasafi a intanet, da sunan aiki, da gari, da kuɗinsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda, ta kuma wajabta mata amsawa cikin kwana bakwai. ICPC na karɓar ƙorafi, shirin Tracka na BudgIT kuma na bin ayyukan mazaɓu gari-gari. Sashe na 69 na tsarin mulki ya tanadi kiranye, sai dai yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ya rushe a matakin tantance sa hannu a 2018.

A Nuwamban 2019 Buhari ya ce an ware kusan naira tiriliyan ɗaya ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. Gyaran wannan ba zai zo daga zagi ko kirari ba. Ƙungiyar ci gaban gari, tare da mai unguwa da dagaci, za ta iya buga shafin kasafin da ya shafi ƙauyenta, ta je wurin aikin ta gwada abin da aka rubuta da abin da aka gina. Idan wakili ya zo gida kuma, a tambaye shi abu huɗu: nawa aka ware, wace hukuma ce ta riƙe aikin, nawa aka saki, wane ne ɗan kwangilar. Wanda ya yi aiki da gaskiya zai amsa su a tsaye, kafin ya shiga mota.