Tsatsa da karyayyen bulon: aikin haƙuri a garejojin Madarunfa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa gundumar Madarunfa zuwa Ɗan Isa da Jibiya ya san tsohuwar Peugeot, musamman ma bashe mai ɗaukar buhuna da 'yan kasuwa. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, na 504 kuma a 1968, sa'an nan masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa motocin wannan kamfani a 1975. An daina ƙera 504 a Kaduna a 2006. Ma'anar wannan ita ce, duk wadda ta rage a hannun mutum ta zama abin tattali, domin kan injinta, wanda makanikai ke kira kilas, ba abu ne da ake samu sabo a kowane shago ba. Turawa na adana irin waɗannan motoci don sha'awa. A nan kuwa da su ake ci da iyali.

Abin mamaki shi ne, sau da yawa ba haɗari ke kwantar da su ba, bulon guda ne da ya karye a cikin raminsa. Gangar jikin injin baƙin ƙarfe ce ta zubi, kilas kuwa na alminiyam ne. In ƙarfe iri biyu suka haɗu, danshi ya shiga tsakaninsu, sai alminiyam ya dinga cinyewa yana fid da farin gari, bulon kuma ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, saboda haka take cika tsakanin haƙoran ta liƙe su. Yaron gareji ya zo ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau da dukan ƙarfinsa, kan bulon ya tsinke.

Daga nan ake gane gwani. Ba ya fara da huda. Yakan kankare wurin, ya ɗiga man sassauta tsatsa ko gazuwal, ya bari ya kwana, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma don man ya ratsa. In guntun ya leƙo waje, ko da kaɗan ne, sai a ɗora masa noti a yi walda ta cikin ramin notin. Dabarar tana da amfani biyu: ta ba sifana abin kamawa, zafin waldar kuma ya farfasa tsatsa. In ya huce, a murɗa gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya saki. Amma mai hura wuta a jikin kilas ya lura: alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa da zafi kusan ninki biyu, abin da ke taimakon aikin, sai dai yana narkewa a wajen digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba.

In guntun ya nutse, dole a huda. A buga alama daidai tsakiya, a fara da siririn baki, a ƙara girma sannu a hankali. Ga bulon mai kaurin milimita 8, bakin 6,8 shi ne iyaka, bayansa a gyara haƙoran da abin yanka su. A ganina, ƙarfen cirewa da ake murɗawa ta hagu ya fi kowane kayan aiki yaudara, domin ya fi bakin huda tauri, in ya karye a ciki an mai da wahala ɗaya biyu. Haƙoran da suka lalace ana iya sa musu zoben waya na musamman, ramin ya koma girmansa na asali.

Wajen mayarwa, a duba lambar da ke kan bulon, 8.8 ko 10.9, kada a musanya shi da wanda ba shi da lamba. A shafa masa man hana liƙewa in na bututun hayaƙi ne, a ɗaure da sifana mai ma'auni.

Wasu na zaton ƙasa mai zafi ba ta san tsatsa ba. Madarunfa tana da tafki da Gulbin Maraɗi, kuma tana cikin yankunan Nijar da suka fi samun ruwan sama. Laka ta damina takan maƙale a ƙarƙashin mota ta riƙe danshi makonni, takin zamani da gishiri da kanwa da ake lodawa su ci bayan bashe. Motar da ta zo daga Turai ta tashar Kwatano ma takan iso da nata ciwon, saboda gishirin da ake watsawa a titunan can lokacin ƙanƙara. Ruwan rijiya ko na tafki da ake ɗura wa radiyata shi ma yana cin kilas ta ciki, alhali ruwan sanyaya inji na shago yana ɗauke da maganin hana haka. Sai a wanke ƙarƙashin mota bayan damina, a zurare ramukan ƙasan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu, a kankare tsatsa har farin ƙarfe ya bayyana kafin a shafa fenti. Baƙin mai da wasu ke fesawa yana kumbura roba, yana tara yashi, kuma ruwan sama na iya kwashe shi zuwa gulbi.