Zomo Mai Takobi da Mutanen da ke Jiran Fitowarsa

A Amurka, Laraba ce ranar da sababbin mujallun labarin zane ke sauka a shaguna. Mai saye ya sani, mai shago ya sani, har akwai waɗanda ake ware wa kwafinsu a bayan kanta, da sunansu a jiki, kada su zo su tarar an kwashe. Cikin mujallun da ake ajiye wa mutane haka tun shekarun 1980 akwai wata mai suna Usagi Yojimbo, labarin wani zomo baraden Japan, irin mayaƙan nan da ake kira samurai, wanda ya rasa ubangidansa a fagen fama ya shiga duniya da takubba biyu a ɗamara. Siririyar mujalla ce, shafinta 20 da 'yan kai, kuɗinta dala 4 zuwa 5. Minti kaɗan ya isa a karance ta. Maganar da ke biyo bayanta kuwa takan kai har wata fitowar.

Mutum ɗaya ne ke rubuta labarin, shi ke zana shi, shi ke rubuta haruffan da ke cikinsa da hannu. Sunansa Stan Sakai. An haife shi a birnin Kyoto a 1953, ya tashi a Hawai, daga baya ya koma Kalifoniya. Da fari niyyarsa ita ce ya zana tarihin Miyamoto Musashi, shahararren gwanin takobin nan da ya rasu a 1645, kuma da siffar mutane ya so yin abin. Wata rana yana 'yan zane-zanensa sai ya zana zomo, ya ɗaure masa kunnuwa sama kamar tukkun da samurai ke yi, daga nan mutane suka fita daga labarin, dabbobi suka shigo. Zomon ya gaji rabin sunan Musashi, ya zama Miyamoto Usagi. Ya fara bayyana a 1984 cikin fitowa ta 2 ta wata ƙaramar mujalla mai suna Albedo, ya samu tasa mujallar a 1987 a kamfanin Fantagraphics.

Zamanin da aka ɗora labarin a kai na gaske ne. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600, Tokugawa Ieyasu ya zama Shogun a 1603, wato sarkin yaƙin da mulkin ƙasa ke hannunsa. An ƙwace ƙasashen sarakunan da suka yi masa tawaye, baradensu suka watse ba ubangida ba albashi. Su ake kira ronin. Wasu suka koma gadi, wasu koyarwa, wasu fashi. Usagi yana cikin masu sayar da ƙarfin takobinsu don tsaron lafiyar wanda ya ɗauke su, ko da yake sau da yawa aikin banza yake yi, don tausayi ba ya barinsa ya karɓi lada daga talaka.

To, idan sabuwar fitowa ta zo hannu, me masoya ke cewa?

Akwai waɗanda ba sa farawa daga shafin farko. Baya suke juyawa, inda Sakai ya saba rubuta bayanin binciken da ya yi kafin ya zana labarin. Wannan ɗabi'a tasa ita ta rene masa irin masu karatun da yake da su. Ya taɓa yin labari sukutum a kan yadda ake ƙera takobi, wani a kan noman ciyawar teku, wani a kan yadda ake haɗa ruwan ɗanɗanon nan na waken suya da Japanawa ke zubawa a abinci, wani kuma a kan yadda ake harhaɗa babban abin wasan takarda da gora da ake sakewa cikin iska da igiya. Da ya koma kamfanin IDW a 2019, da wasan 'yartsana na gargajiya mai suna bunraku ya buɗe. Mai karatun da ya shekara 20 yana cin irin wannan abinci ba ya tsayawa a kan "wa ya kashe wa". Zai duba yadda aka ɗaura riga, ta wane gefe aka rataya takobi, ko ginin da aka zana ya dace da shekarun. Shafin wasiƙu na mujallar ya daɗe yana ɗaukar irin waɗannan tambayoyi, marubucin kuma yana amsawa. A ganina wannan ne mafi kyawun abin da ke tsakaninsa da jama'arsa: ya koya musu bincike, su kuma suka juyo da binciken kansa.

Babbar shaidar haƙurin waɗannan masu karatu ita ce labarin Grasscutter, wanda ya ci lambar yabo ta Eisner a 1999. Labari ne a kan Kusanagi, takobin sarautar Japan da aka ce ya nutse a teku a yaƙin Dan-no-ura na 1185. Kafin zomon ya leƙo, sai da Sakai ya yi doguwar shimfiɗa a kan tatsuniyoyin halittar Japan da tarihin gidajen Taira da Minamoto. Wanda ya sayi mujalla don ganin zomo yana sara ya sami darasin tarihi. A wata mujallar da an yi ta ƙorafi har kamfani ya ja kunnen marubuci. A nan kuwa yana cikin labaran da masoya kan miƙa wa baƙo idan suna son jawo shi.

Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan. Saboda binciken yana da kyau, wasu kan ɗauka duk abin da ke ciki tarihi ne, har su riƙa ɗaukar samurai a matsayin waliyyan takobi. Ba haka abin yake ba. Samurai aji ne na masu mulki da ke rayuwa a kan shinkafar harajin manoma. Tun 1588 Toyotomi Hideyoshi ya sa aka karɓe makamai daga hannun talakawa, a zamanin Tokugawa kuma doka ta ba barade damar sare talakan da ya ci musu mutunci, ko da yake da sharuɗɗa. Yawancin abin da duniya ke ji game da bushido, wato ƙa'idojin mutuncin barade, an gyara shi an shafa masa mai ne daga baya, musamman a littafin da Nitobe Inazo ya rubuta da Turanci wajen 1900, lokacin da ajin samurai ya riga ya rushe, an ma hana yawo da takobi tun 1876. Adalcin da za a yi wa Sakai shi ne bai ɓoye wannan ba. Azzaluman barade sun fi na kirki yawa a shafukansa, kuma labarinsa The Hidden na 2018 a kan farautar Kiristocin Japan yake, waɗanda gwamnatin Shogun ta haramta addininsu. Usagi mutumin kirki ne a cikin tsari marar kirki, mai karatun da ya haɗe su biyun bai karanta da kyau ba.

Gardamar da ta fi daɗewa kuwa ta launi ce. A Fantagraphics baƙi da fari ake buga mujallar. Da ta koma kamfanin Mirage a 1993 aka sa mata launi na fitowa 16. Da ta je kamfanin Dark Horse a 1996 ta koma baƙi da fari, ta zauna a haka fiye da shekara 20, bango kaɗai ke da launi, aikin Tom Luth. IDW ta dawo da launi a 2019, kuma da Sakai ya sake komawa Dark Horse a 2023 da labarin Ice and Snow bai ajiye shi ba. Tsofaffin masoya suna cewa launi yana rufe aikin alƙalami, waɗannan 'yan siraran layuka da yake yi ɗaya bayan ɗaya don nuna ruwan sama ko saƙar tufa ko ciyawa. Sababbi suna cewa yaran yau ba sa ɗaukar littafi marar launi, kuma in ana son zomon ya samu jikoki dole a bi su inda suke. Ni ina tare da tsofaffin a kan ruwan sama, domin ban ga launin da ya kai tawadarsa jiƙa shafi ba. Amma hujjar sababbin ba ta wasa ba ce.

Haka aka rabu a 2022 da Netflix ta fitar da Samurai Rabbit, zanen kwamfuta mai motsi a kan wani jikan jikan Usagi mai suna Yuichi a wani birni na zamani mai zuwa. Don yara aka yi shi, manya da yawa suka kalla suka taɓe baki.

Akwai kuma waɗanda ba karatu ya kawo su ba. Kwafi 2,000 kacal aka buga na Albedo ta 2, yau kuwa mai tsabta a cikinsu dubban daloli ake sayensa. Wannan ya sa duk lokacin da aka ji sabon jarumi zai bayyana, kamar yadda aka yi da Yukichi, ɗan'uwan Usagi da ya shigo a zamanin IDW, sai 'yan kasuwa su saye fitowar su rufe a leda ko buɗewa ba su yi ba. Kasuwa ce, ba laifi, amma ra'ayinsu a kan labari ba abin nema ba ne.

Inda zukata suka fi zafi shi ne maganar Jotaro. Usagi yana da ɗa da Mariko, budurwarsa ta ƙuruciya, wadda ta auri Kenichi, abokin hamayyarsa, bayan ya tafi bautar ubangidansa. Kenichi ya san yaron ba nasa ba ne, ya riƙe shi riƙon ɗa. Usagi ya san gaskiya. Jotaro ma ya zo ya sani. Sun yi doguwar tafiya tare, wadda ta cika kundi biyu, kowannensu yana zaton ɗayan bai sani ba, kowanne yana shiru don kada ya ɓata abin da ke tsakanin yaron da mutumin da ya rene shi. Suka rabu maganar ba ta fito tsakaninsu ba. Tun daga lokacin, duk fitowar da aka hango Jotaro a bangonta sai masoya su ce to, wannan karon za a faɗa. Haka kuma batun Tomoe Ame, kyanwar da ke tsaron Sarki Noriyuki na gidan Geishu. Kowa ya ga abin da ke tsakaninta da Usagi, amma ita baiwar sarauta ce da ba ta da ikon zaɓar miji, shi kuma ɗan yawon duniya ne. Abin da Sakai ya ba masu jira shi ne fitowa guda mai suna Chanoyu, inda su biyun suka zauna aka haɗa shayi bisa al'ada, daki-daki, kusan ba magana, suka tashi. Mutane da yawa suna sa ta cikin mafi kyawun abin da ya taɓa zanawa, kuma su ɗin ne dai ke ƙorafin bai ba su abin da suka roƙa ba.

Wanda ya taɓa karanta littafin soyayya na kasuwar Kano ya kai ƙarshen na ɗaya aka ce ya tara a na biyu ya san wannan ƙaiƙayi. Bambancin shi ne a nan na biyun yakan ɗauki shekara 10, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ina ganin da Sakai yana bin son ran masoyansa, da tuni an ɗaura auren Usagi da Tomoe, an yi taron bayyana uba da ɗa, labarin ya mutu. Kunya da kawaici da nauyin alkawari su ne ƙashin bayan mutanen da yake zanawa, in ya cire su don a tafa masa, zomo da takobi kawai za su rage. Manyan kamfanonin mujallun jarumai na Amurka sun saba kashe jarumi a bana su tashe shi baɗi don ciniki ya motsa, marubuta kuma suna canzawa kamar masu karɓa-karɓa. Usagi mallakin mai zana shi ne, ya bi shi kamfani huɗu, ba wanda ya isa ya ce masa ga yadda za a ƙare. Shi ya sa ko mai ƙorafi, in ya gama, kwafinsa na gaba yake cewa a ajiye masa.

An gwada wannan amana sau ɗaya sosai. A 2012 Sakai ya dakatar da mujallar don ya zana labarin ronin 47, shahararren tarihin baraden da suka ɗaukar wa ubangidansu fansa a farkon ƙarni na 18, wanda Mike Richardson, mai kamfanin Dark Horse a lokacin, ya rubuta. Dakatarwar ta zo daidai da tsananin rashin lafiyar matarsa. Ƙungiyar masu zane ta CAPS ta shirya gwanjon zane-zane don taimaka masa da kuɗin magani, aka kuma buga littafin The Sakai Project a 2014, inda ɗimbin masu zane kowa ya zana zomon da nasa hannun. Matar ta rasu a ƙarshen wannan shekarar. Mujallar ba ta dawo kan lambarta ba sai 2015, da fitowa ta 145, masu saye kuma suna nan.

A cikin wannan tsakanin ne ya fitar da Senso, fitowa 6, inda ya tsallake shekara 20 gaba: Usagi ya manyanta ya zama jagoran rundunar Noriyuki, Jotaro ya zama cikakken barde, ana tsakiyar yaƙi da Sarki Hikiji, wanda ya kashe ubangidan Usagi, sai ga halittun duniyar Mars sun faɗo daga sama, irin na littafin H. G. Wells na 1898. A nan ya ƙulle wasu daga cikin zaren da aka daɗe ana roƙonsa ya ƙulle. Amma ya yi shi ne a labarin gefe, ta yadda ba wanda zai iya rantsewa cewa ƙarshen ke nan na gaskiya. Masoya sun kasu biyu a kai, masu cewa an ba su amsa da masu cewa an yi musu wayo, Sakai kuwa, wanda aka shigar da shi zauren girmamawa na Eisner a 2020 kuma yanzu ya haura shekara 70, ya koma ya ci gaba da labarin daga inda ya tsaya, da Usagi matashi a kan hanya da Jotaro yaro a hannun malaminsa Katsuichi.