Tallafin noma a gundumomin karkara na Amurka

Tallafin noma a gundumomin karkara na Amurka kuɗi ne da gwamnatin tarayya ke biyan manoma idan farashin amfanin gona ya faɗi, ko kuma abin da gonaki suka samar ya ragu. Ma'aikatar Noma ta Amurka ce ke fitar da kuɗin, amma a gunduma ake yi wa manomi rajista, kuma da alƙaluman gundumarsa ake lissafa wani kaso na abin da zai karɓa.

Tarihi

Tsarin ya faro ne a shekarar 1933, lokacin mawuyacin halin tattalin arziki, inda Shugaba Franklin Roosevelt ya sanya hannu kan dokar biyan manoma domin su rage yawan noman da suke yi, farashi ya tashi. Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1936, sai majalisa ta kafa wata a 1938. Daga baya ya zama al'ada a sabunta dokar noma kusan duk shekara biyar. Dokar 2014 ta daina biyan kuɗi kai tsaye ba tare da la'akari da farashi ba, ta kawo shirye-shirye biyu, PLC da ARC.

Yadda ake biya

Hukumar FSA, wadda aka kafa a 1994, tana da ofisoshi a gundumomin karkara. Manoman yankin ne ke zaɓen kwamitin gunduma da ke sa ido kan aikin ofishin.

Shirin PLC yana biya ne idan matsakaicin farashin ƙasa ya yi ƙasa da wanda doka ta ƙayyade. A dokar 2014 farashin masara dala 3.70 ne kan kowane bushel, ma'aunin da ya kai kusan kilo 25, na alkama kuwa dala 5.50.

Shirin ARC na gunduma yana duba kuɗin shigar da eka ɗaya ta kawo a faɗin gundumar. A dokokin 2014 da 2018, ana biya idan ya gaza kashi 86 cikin ɗari na matsakaicin shekaru biyar da suka gabata. Saboda haka manomin da gonarsa ta yi kyau zai iya samun kuɗi idan gundumarsa ta yi asara, yayin da maƙwabcinsa da ke tsallaken iyaka bai samu komai ba ko da fari ya cinye masa gona.

Ana lissafin ne da yawan ekar da aka yi wa gonar rajista a baya, ba da abin da aka shuka a bana ba. Amfanin da shirye-shiryen suka shafa sun haɗa da masara, waken soya, alkama, shinkafa, dawa da gyaɗa. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa ba sa ciki. Dokar 2018 ta ƙayyade dala 125,000 a shekara ga mutum ɗaya.

Muhawara

Masu goyon baya na cewa tallafin yana hana gonaki durƙushewa a shekarar da kasuwa ta lalace, yana kuma riƙe bankuna da shagunan ƙananan garuruwa. Masu suka, ciki har da ƙungiyar EWG mai wallafa bayanan biyan tun daga na 1995, na cewa manyan gonaki ne ke kwashe kaso mafi tsoka, tunda biyan yana bin girman fili. Masana tattalin arziki sun kuma nuna cewa wani ɓangare na kuɗin yana komawa ga masu filaye ta hanyar tsadar haya, abin da ke wahalar da matasa masu son shiga noma.

Ikon da ke hannun ofisoshin gunduma ma ya jawo ƙorafi. Manoma baƙar fata sun kai ma'aikatar ƙara a shari'ar Pigford, suna zargin an nuna musu wariya wajen ba da rance da tallafi. An sasanta a 1999, gwamnati ta biya dubbansu diyya.