Ciwon MS da Gado: Abin da ya Inganta da Abin da yake Zato

Tun da labari ya bazu cewa masana sun gano ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciwon nan da likitoci ke kira MS, wanda a cikinsa garkuwar jiki kan juyo ta cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har gani ya dushe ko ƙafa ta yi nauyi, sai magana ta yi rassa, gaskiya ta cuɗanya da zato.

Abin da ya inganta shi ne, akwai wani nau'in gado na garkuwar jiki, HLA-DRB1*15:01, wanda kan ninka haɗarin kamuwa kamar sau uku, kuma a 2019 gamayyar masu bincike ta ƙidaya irinsa 233, galibinsu masu raunin tasiri.

Amma da'awar cewa ana gadon ciwon kamar yadda ake gadon sikila ba ta da tushe, kuma hujja mafi ƙarfi tana ga tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu guda ne, alhali idan ɗayansu ya kamu, kimanin sau ɗaya cikin huɗu ne kawai ɗan'uwansa kan bi shi. Saboda haka zalunci ne tsantsa a guji auren yarinya don mahaifiyarta tana fama da shi.

Akwai sabubba a wajen gado, kamar shan taba da ƙarancin bitamin D. Babbansu kuwa ƙwayar cutar Epstein-Barr ce, wadda binciken jami'ar Harvard na 2022 a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna tana ninka haɗarin sau 32; duk da haka MS ba ya yaɗuwa tsakanin mutane, domin akasarin 'yan Adam suna ɗauke da ƙwayar lafiya lau.

Masu cewa ciwon Turawa ne sun riƙi rabin gaskiya. Haƙiƙa ya fi yawa a arewacin Turai, inda wani bincike na 2024 ya nuna cewa makiyayan Yamnaya ne suka kai nau'in gadon nan na HLA-DRB1*15:01 can daga filayen arewacin Bahar Aswad shekaru kamar 5,000 da suka shige, kuma masana suna kyautata zaton ya kare su daga cututtukan dabbobinsu. Sai dai baƙar fata ma yana kamuwa, a Amurka da Afirka, kuma likitan da ya gaskata jita-jitar zai jinkirta gano ciwon a jikin baƙar fata.