Saitin Ƙarfe Da Madubin Zamani: Wanne Ne Ke Yin Gwanin Harbi?

A tsakanin sojoji, maharba da 'yan wasan harbi akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa duk wanda bai ƙware da saitin ƙarfe ba, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ake ƙerawa a bayan bindiga, ɗaya kusa da ido ɗaya a bakinta, to bai iya harbi ba, na'ura ce ke yi masa aiki. Wasu kuma na cewa zamani riga ne, wanda ya ƙi ɗora madubi a bindigarsa taurin kai kawai yake yi. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da kowane saiti yake nema daga idon mai harbi.

Saitin ƙarfe yana tilasta wa ido ya lura da abubuwa uku a lokaci guda: ƙarfen baya, ƙarfen gaba, da abin da aka auna. Ido kuwa ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tangaram a lokaci ɗaya. Shi ya sa malaman harbi ke koyar da cewa a kafa ido kan ƙarfen gaba, a bar sauran biyun su yi dishi-dishi. Wannan yana son horo mai tsawo, domin ɗabi'ar mutum ita ce ya zuba wa abin da yake tsoro ko yake farauta ido. Idan magariba ta yi, ko mutum ya haura shekara arba'in ganin kusa ya fara raguwa, wahalar sai ta ninka.

Madubin zamani ya zo ne don ya warware wannan matsala. A 1975 kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fito da saiti mai jan ɗigo, wanda ke sa ɗigon ya bayyana kamar a jikin abin da aka auna yake. Mai harbi zai buɗe idanunsa biyu, ya ɗora ɗigon inda yake so, shi ke nan. A 1987 kuma kamfanin Trijicon na Amurka ya fito da ACOG, madubin da ke kusanto da abu ninki huɗu, wanda ba ya bukatar batir domin yana samun haske daga sinadarin tiritiyam, daga baya kuma har daga rana.

Rundunonin soja ba su daɗe suna jayayya ba. Ostiriya ta karɓi bindigar Steyr AUG mai madubi a jikinta tun ƙarshen shekarun 1970, Birtaniya ta bi sahu da SA80 a tsakiyar shekarun 1980. Misali mafi ƙarfi shi ne na sojojin kundumbala na ruwa na Amurka, waɗanda suka shahara da alfahari da saitin ƙarfe, har kowane kurtu sai ya yi harbi daga yadi 200, 300 da 500 kafin a yaye shi. A lokacin yaƙin Iraƙi suka raba wa dakarunsu ACOG, daga baya ma suka mayar da horon kurata kan madubin. Dalilinsu a fili yake. A yadi 500 ƙarfen gaba kan kusan rufe mutum gaba ɗaya, alhali madubi na nuna ko abin da ke hannunsa makami ne ko fartanya. Wannan bambanci na iya ceton ran wanda bai ji ba bai gani ba.

Masu goyon bayan saitin ƙarfe kan kafa hujja da Simo Häyhä, manomi kuma maharbi ɗan ƙasar Finlan. A Yaƙin Hunturu da Tarayyar Sobiyet, daga Nuwamban 1939 zuwa Maris na 1940, an danganta masa kashe sojoji sama da 500, kuma bindigarsa ba ta da madubi. Ya ƙi madubi ne domin yana sa mutum ya ɗaga kai sama, yana yin raɓa a tsananin sanyi, kuma ƙyallinsa a rana kan tona asirin maɓoya. Hujja ce mai nauyi, amma tana da iyaka. Madubin wancan zamani ba a toshe shi da kyau kamar na yau ba, kuma Häyhä ya shafe shekaru yana farauta da atisayen harbi kafin yaƙi. Runduna ba ta iya jiran kowane kurtu ya zama irinsa.

A fagen wasanni saitin ƙarfe na nan da martabarsa. A gasar Olamfik ba a yarda a ɗora wa bindiga madubi mai kusanto da abu ba, ga shi kuwa a harbin mita 10 da doguwar bindigar iska, ɗigon da ke ba da maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal. A gasar Faris ta 2024 duniya ta ga Yusuf Dikeç na Turkiyya, mai shekara 51, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar wasansa, hannu ɗaya a aljihu, ba tare da tabarau na musamman da sauran 'yan wasa ke sawa ba. Abin da ya nuna shi ne natsuwa, tsayuwa, da sarrafa numfashi.

A nan ne gardamar ke kauce hanya. Mutane kan haɗa saitin ƙarfe da gwanintar harbi kamar abu ɗaya ne, alhali daidaita saiti kashi ɗaya ne cikin aikin. Saura sun haɗa da yadda za a kafa gindin bindiga a kafaɗa, lokacin riƙe numfashi, matsa kunama a hankali ba tare da fizga ba, ƙiyasta nisa, da karanta iska. Madubi bai ɗauke wa kowa yawancin waɗannan ba. Wanda hannunsa ke rawa, madubi zai ƙara nuna masa rawar ne ninki huɗu. Ko na'urar XM157 da sojan Amurka ya ba kamfanin Vortex kwangilarta a 2022, mai auna nisa da hasken leza ta kuma lissafa faɗuwar harsashi da 'yar kwamfuta, ba za ta gyara harbin wanda ya fizgi kunama ba.

Ga kuma batun tsada da lalacewa. Madubi mai nagarta kan haura dala dubu, wani lokacin ya fi bindigar kanta kuɗi. Gilashi na fashewa, laka da ruwan sama na rufe shi, batir na mutuwa, ƙusoshin da suka riƙe shi na kwancewa. Saitin ƙarfe ba ya cin batir, ba shi da nauyi, kuma da wuya ya lalace. Shi ya sa sojoji da yawa ke barin ɗan ƙarfe mai naɗewa a bayan madubinsu, saboda ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan aka auna su biyun, madubi ya yi nasara a wajen sauri, nisa, ƙarancin haske da tantance abin da za a harba, kuma ya sauƙaƙa wa sabon shiga da mai raunin gani. Saitin ƙarfe ya yi nasara a wajen juriya, araha, da kuma tona kurakuran ɗalibi, domin ba ya yafe sakaci ko kaɗan. Don haka soja ko ɗan sandan da aka damƙa wa makami ya cancanci madubi mai kyau, amma hukumar da ta saya masa madubi ta rage masa kwanakin atisaye ta yi asarar kuɗinta. Madubi na gyara gani ne kawai, sauran aikin horo ne ke yin sa.