Harshen da Aka Taɓa Ɗaurewa Kada Ya Ɗaure Wani

Duk wanda ya zauna da dattawan da suka yi lakwal a zamanin mulkin Faransa ya ji labarin sambol. Wani abu ne, ko ƙashi ko guntun itace, da ake rataya wa yaro a wuya idan an ji ya yi magana da harshen uwarsa a makaranta. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani da irin wannan laifi, wanda kuwa aka tashi yana wuyansa shi ke shan horo. Ta haka aka mai da yara masu tsegunta juna, aka cusa musu jin kunyar maganar gidansu. Malamanmu ma da ke rubuta wasiƙu da waƙoƙi da ajami, an daɗe ana lissafa su cikin marasa karatu.

Sannu a hankali al'amari ya sauya a Nijar. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda aka fara koyarwa da Hausa. A 2001 doka ta amince da harsuna 10 a matsayin harsunan ƙasa. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Wannan abin godiya ne, amma kuma amana ce mai nauyi. Cikin harsunan nan 10 akwai Tasawak na mutanen Ingal, da Buduma na tsibiran tafkin Cadi, da Gulmancema na wajen iyakar Burkina Faso, da Tubanci na Kawar. Masu su ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu da Hausa suke ciniki. Idan ɗansu ya buɗe baki a unguwarmu muka yi masa dariya, to, mun rataya masa sambol ko da babu igiya. Ranar da ya daina magana da harshensa, karin maganar kakarsa da sunayen rijiyoyi da tsirran ƙasarsu za su bi ta kabari. Aya ta 22 ta Suratur Rum ta sanya bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, saboda haka ba abin raini ba ne.

Gyara daga gida yake farawa. Mu yi wa ƴaƴanmu tatsuniya da harshenmu, mu koya musu boko da ajami. Matar da aka auro daga wata ƙabila a bar ta ta rene ɗanta da harshenta. Mu koyi gaisuwar maƙwabcinmu, ko da kalma biyu ce. A masallatan da jama'a suka cakuɗa kuma, a samu mai fassara wa'azi. Wanda ya san zafin a rufe masa baki bai kamata ya rufe na wani ba. Allah Ya sa mu riƙe wannan amana.