Karnukan Ƙasar Gumel Na Buƙatar Shinge

A garin Berkeley na jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 1979 mutanen unguwa suka killace wani fili domin karnuka, inda mai kare zai kwance masa igiya ya yi ta guje-gujensa. Ana cewa shi ne na farko irinsa, yau kuwa irin waɗannan filaye sun bazu a biranen Amurka da Turai. Ka ba ɗan Gumel ko ɗan Sule Tankarkar wannan labari, dariya zai yi, ya ce yara ma ba su samu filin ƙwallo ba, balle kare.

Yana da gaskiyarsa. Karenmu ba ɗan lele ba ne, ma'aikaci ne. Shi ke gadin garke da gona, shi ake ɗaurewa a bayan a-kori-kura da rani, 'yan farauta na riƙe da gora da adda, a nufi daji. Malamai ma sun sanar da mu cewa addini ya yarda a ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da na shuka. Amma akwai wanda ba shi da ubangida, mai kwana a juji ya wayi gari a bakin kwata, kuma daga irinsa cutar haukan kare ta fi shigowa gari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, ya fara firgita yana tsoron ruwa, sai dai a yi ta addu'a. Abin takaicin shi ne an san hanyar tare ta: idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Allurar kuma ba sai an je ƙetare ba, ana yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Matsalar ita ce ina za a tara karnukan a yi musu allurar. A nan ne dabarar filin mai shinge za ta yi mana amfani, ba don shaƙatawa ba. Maigatari ta fi kowa buƙata. Duk ranar Alhamis dabbobi na kwararowa kasuwarta daga Jamhuriyar Nijar da ƙauyukan kewaye, kare kuwa ba ya nuna takarda a bakin iyaka.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. A fita bayan gari, nesa da makaranta da masallaci da rijiyar jama'a, kada kuma a kusanci kwata, domin ƙanshin nama zai hana su natsuwa. Ƙasarmu rairayi ce, kare na iya tone ƙarƙashin waya cikin ɗan lokaci, don haka sai an haƙa tushe an jera bulo kafin a ɗaura ragar ƙarfe mai tsayin da ya haura na mutum. Ƙofa a yi ta biyu kamar zauren gida, a shiga ta farko a rufe kafin a buɗe ta biyu, ta yadda ko kare ya fizge igiya ba zai faɗa titi ba. Sai inuwar darbejiya da kwamin ruwa, domin zafin watan Afrilu a nan ba na wasa ba ne.

A gefe guda a gina 'yan ɗakuna biyu ko uku. Al'adarmu, kare na cizon mutum sai matasa su bi shi da jifa har ya mutu, shi ke nan an rasa shaida. Da za a kulle shi kwana 10 ana ba shi abinci, idan ya kai lafiya lau an san ba ya ɗauke da cutar a miyaunsa lokacin cizon. Wanda aka ciza dai ba zai zauna jiran wannan sakamako ba. A wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura, kada a tsaya shafe-shafe.

Mukullin wurin ya zauna a hannun jami'in lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, amma in ba a jawo Sarkin Baka da masu unguwanni ba, fili zai zama wurin shanya. Maharbi ba zai kawo karensa don sanarwar rediyo ba, sai don maganar shugabansa. Lokacin da ya fi dacewa a tara karnukan shi ne bayan an kau da amfanin gona, kafin a fara fita farauta.

Shugabannin ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, fili ɗaya kowannenku ya isa a fara. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, ku sa ta zama ranar da za ku buɗe ƙofar.